Abin da gashin maganin ciwon daji ya bar mini a mafitsara

Ni 'yar Aboabo ce a cikin Kumasi, a nan aka haife ni, a nan na girma, kuma a nan nake sana'ar ɗinki har yau. Ina da shekara shida aka gano ƙari a jikin mafitsarata, irin wanda likitoci ke kira rabdomayosakoma, wato ciwon daji da ke tasowa daga ƙwayoyin da ya kamata su zama tsoka, kuma shi ne ya fi yawa a cikin cututtukan daji na nama da ke kama yara. Allah cikin ikonsa ya ba ni lafiya, ciwon bai sake dawowa ba, ga shi an doshi shekara ashirin. Sai dai maganin da ya cece ni ya bar mini lalura a mafitsara wadda zan zauna da ita iyakar rayuwata, kuma saboda ita nake wannan rubutu, domin iyayen da aka sallami 'ya'yansu daga asibiti da albishir ɗin warkewa su san cewa akwai sauran aiki a gabansu.

Ciwon ya fara ne da wahalar fitsari, in tsuguna in yi ta nishi ba ya fitowa sai ɗigo-ɗigo, daga baya jini ya biyo. Duk wanda ya ji an ce yaro na fitsarin jini a ƙasar nan, tsargiya ce ke fara faɗo masa a rai, tun da cutar ta yawaita a garuruwan bakin tafkin Volta da wuraren da yara ke wanka a rafi, saboda haka maganinta aka fara ba ni. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, marata kuma ta soma kumbura, sai aka tura mu babban asibiti, aka ɗauki hoton ciki, aka yanki ɗan nama aka auna, sannan aka faɗa wa iyayena gaskiyar magana. An nuna wa Baba hanyoyi biyu: ko a cire mafitsarar gaba ɗaya a buɗe wa fitsari wata hanya ta jikin ciki, ko a bar ta a haɗa kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin ciwon daji, da gashi, wanda a asibiti ake kira radiyoterafi. Baba ya zaɓi a bar mini ita, kuma da ni ce a matsayinsa a ranar, abin da zan zaɓa ke nan.

An yi mini kemo na watanni masu yawa da magunguna uku da aka saba haɗawa a wannan ciwo, binkiristin da daktinomaisin da saikulofosfamaid, sannan aka shiga gashi. Gashin nan ba wuta ba ce, haske ne mai ƙarfi da ido ba ya gani, wanda na'ura ke harbawa daidai inda ƙarin yake domin ya lalata ƙwayoyin cutar. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira gire, kuma ga irin ciwona akan bayar da tsakanin gire 36 zuwa 50.4, a rarraba shi kaɗan-kaɗan, yawanci 1.8 a kowace rana, kwana biyar a mako. Abin da na fi tunawa shi ne layukan da aka zana mini da tawada a mara da gefen ƙugu, waɗanda aka gargaɗi Mma kada ta kuskura ta wanke su, har ta riƙa yi mini wanka da tsumma tana kewaye su. Ina kuma tuna yadda kowa ke fita daga ɗakin a rufe ƙofa mai nauyi, a bar ni ni kaɗai a kwance, an ce kada in motsa. Kullum kafin mu shiga Mma takan dafa kaina ta ce, "Ki yi ta karanta Ƙulhuwallahu, 'yar nan, kafin ki gaji an buɗe."

Da aka sallame mu an yi sadaka a gida, an raba waina da koko a layinmu, 'yan uwa sun zo daga Asawase da Sabon Zango suna barka. Mun ci gaba da zuwa asibiti ana duba ko ciwon ya dawo, kuma da shekaru suka ja ba a ga komai ba, zuwan ya yi ta raguwa har ya tsaya. Mma ta naɗe takardun asibitin a leda ta sa a ƙasan akwatinta. A wurinmu magana ta ƙare, domin ba mu san cewa illar gashi iri biyu ba ce: akwai ta nan take, kamar zafin fitsari da gudawa da saɓar fata, wadda ke wucewa cikin makonni, akwai kuma wadda ba ta bayyana sai bayan watanni ko shekaru, ita kuwa ba ta wucewa da kanta.

Tawa ta fara nuna kanta ina wajen shekara goma sha ɗaya. Fitsari ya riƙa matsa ni a kai a kai, kuma idan ya matso ba ya ba ni lokacin da zan nemi izini wurin malami, balle in kai bayan gida. Fitsarin kwance, wanda na daina tun ina ƙarama, ya dawo. Wanda ya san zaman gidan haya a zango ya san abin da wannan ke nufi: ɗaki ɗaya da mutane da yawa, tabarmar da za a shanya da safe a tsakar gida kowa na gani, ga bayan gidan unguwa da sai an biya kuɗi an bi layi, ga dare da yarinya ba za ta fita ita kaɗai ba. Yara suka laƙaba mini amalala. A makarantar boko na koma zama a kujerar bakin ƙofa, a makarantar allo kuma na riƙa jan jiki daga sauran 'yan mata don kada su ji wari. Manya wasu suka ce sakaci ne, wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce iska ce ta taɓa ni; an yi mini rubutu na sha, an jiƙa saiwoyi, an hana ni ruwa daga la'asar. Duk waɗanda suka yi wannan don ƙauna suka yi, amma babu wanda ya haɗa abin da gashin da aka yi mini shekaru biyar baya. Rage shan ruwa kuwa, wanda shi ne dabarar da duk mai wannan lalura ke fara kamawa, ƙara dagula al'amari yake yi, saboda fitsari ya kan yi kauri ya ƙara fusata mafitsara, ƙwayoyin cuta kuma su sami wurin zama.

Haka na yi ta lallaɓawa har na zama budurwa, ina fama da ciwon mara da zazzaɓi lokaci zuwa lokaci, ina sayen magani a kemis. Sai wata rana jini ya dawo a fitsarina, har da gudaji, ga zazzaɓi mai zafi da ciwo a kwiɓin hagu. A ƙaramin asibitin da aka fara kai ni an sake zancen tsargiya, amma gwaji bai nuna ƙwanta ba. Likitar da ta duba ni daga baya, da ta ga tabon aiki a marata da yadda fatar wurin ta yi duhu ta yi tauri, sai ta tambaya ko an taɓa yi mini gashi. Washegari Mma ta ciro ledar nan daga akwati. Likitar ta daɗe tana karanta takardun, sannan ta tura ni wurin likitan mafitsara, kuma a wurinsa ne na fara jin bayanin abin da ke damuna, yana yi da Turanci da Asantanci, ni kuma ina mayar wa Mma da Hausa.

Ga yadda na fahimci bayanin, kuma na ƙara tabbatar da shi a shekarun da na yi ina zuwa asibiti. Mafitsara jaka ce ta tsoka, aikinta biyu: ta saki jiki ta karɓi fitsari a hankali ba tare da matsi ya hau ba, sannan ta matse ta fitar da shi duka idan lokaci ya yi. Hasken gashi ba ya bambance ƙwayar cuta da lafiyayyen naman da ke kusa da ita. Yakan raunata shimfiɗar cikin mafitsara, ya kuma taɓa ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da bangonta, su yi ta tsukewa a hankali cikin shekaru. Idan jini ya ragu, sai tsoka mai laushi ta riƙa komawa tabo mai tauri. Mafitsarar takan zama kamar salkar da aka manta a rana, wadda ta ƙandare ba ta buɗewa ta ɗauki ruwa kamar da. Jiki yakan yi ƙoƙarin tsiro da sababbin hanyoyin jini a wurin, amma sirara ne marasa ƙwari, abu kaɗan ke fasa su, kuma daga nan jinin da nake gani yake fitowa. Haɗarin yana ƙaruwa gwargwadon yawan hasken da girman ɓangaren mafitsarar da ya samu. Shi ma saikulofosfamaid yana da nasa hannu, domin idan jiki ya sarrafa shi yakan fitar da wani sinadari mai suna akrolin ta cikin fitsari, wanda ke ƙona shimfiɗar mafitsara. Shi ya sa ake haɗa shi da ruwa mai yawa da wani maganin kariya da ake kira mesna. Wanda ya sha wannan magani kuma aka yi masa gashi a ƙugu, haɗarinsa ya fi na wanda ya sami ɗaya kawai.

Abin da ya sa lamarin yara ya fi na manya tsanani shi ne, mafitsarar yaro ba ta gama girma ba. Likitoci na da lissafin da suke ƙiyasta abin da ya kamata ta ɗauka: a ƙara ɗaya a kan shekarun yaro, a ninka da mililita 30. Ta ɗan shekara shida ke nan takan ɗauki wajen mililita 210, ta babban mutum kuwa tsakanin 400 zuwa 500. Da aka auna tawa, ina budurwa, ba ta kai abin da ake tsammani ga 'yar shekara shida ba. Jikina ya girma, ƙodojina suna tace fitsarin babbar mace, amma wurin tara shi ya tsaya inda gashi ya same shi, har ya ƙara tsukewa.

Maganar da ta fi tayar mini da hankali ita ce ta ƙoda. Idan bangon mafitsara ya yi tauri, fitsari kaɗan ke sa matsi ya hau a cikinta, kuma wannan matsin yakan hana fitsari saukowa daga ƙoda, ko ma ya tura shi ya koma sama ta bututun da ya biyo, tare da duk ƙwayoyin cutar da ke ciki. Ƙoda ta yi ta kumbura tana lalacewa, mai ita bai sani ba, domin sau da yawa ba ta ciwo sai ɓarna ta yi nisa. Hoton da aka ɗauka ya nuna ƙodata ta hagu ta kumbura. Duk shekarun da na yi ina ɓoye tabarma, hankalina yana kan wari da abin da mutane za su ce, ashe babban haɗarin yana can ciki inda ba mai gani.

An sa ni in riƙa rubuta duk abin da na sha da duk fitsarin da na yi, ina aunawa da kofi mai lamba, dare da rana. An auna jinina don a ga ƙarfin ƙoda, an zura siririyar kyamara aka leƙa cikin mafitsarar, an kuma yi wani gwaji da ake cika ta da ruwa a hankali ta roba ana auna yadda matsi ke hawa. Daga nan aka ɗora ni a kan oksibutinin, maganin da ke kwantar da tsokar mafitsara ya rage yawan matsewarta. Yana aiki, amma yana busar da baki, musamman da hunturu, yana kuma kawo taurin bayan gida, wanda shi ma ke danne mafitsara idan ba a kula ba. Tun da gwajin ya nuna ba na iya fitar da fitsari duka, sai aka ce dole in koyi zura robar fitsari da kaina sau da yawa a yini, in zubar da abin da ya rage in cire ta. Wani likitan Amurka mai suna Jack Lapides ne ya yaɗa wannan hanya a 1972, bayan ya nuna cewa wanke hannu da tsabta sun wadatar, ba sai an yi a asibiti ba, kuma ta ceci ƙodojin mutane masu yawa a duniya.

Ban karɓi wannan da sauƙi ba. Na yi kuka a gaban ma'aikaciyar jinyar da aka haɗa ni da ita, wata dattijuwa mai haƙuri, na ce mata ni budurwa ce, yaya za a ce in riƙa yin wannan. Ta bar ni na gama, sannan ta kawo madubi da roba da man shafawa, ta nuna mini cewa hanyar fitsari daban take, babu abin da robar za ta taɓa na budurcina. Ta zaunar da ni ta koya mini yadda zan wanke hannu, yadda zan riƙe robar ba tare da na taɓa bakinta ba, da yadda zan jira har ɗigon ƙarshe kafin in zare ta a hankali. Yau abin ba ya ɗaukar mini fiye da 'yan mintoci, kuma a jakata kullum akwai roba da sabulu da ƙaramar gorar ruwa, ko kasuwar Kejetia zan shiga sayen yadi. Na bar goro, duk da cewa a gidan fataken goro na tashi, na bar shayi mai kauri da kofi, saboda sinadarin kafin da ke cikinsu yana tsokano mafitsara, na kuma rage barkono. Ruwa kuwa ina shan sa daidai gwargwado a rarrabe cikin yini, in sassauta idan dare ya yi.

Akwai wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi wanda likita ba zai iya sauke mini ba, shi ne na ibada. Shekaru ina zargin cewa sallata ba ta karɓuwa, domin ina idar da alwala sai in ji ɗigo, in sake, in sake, har lokaci ya ƙure. Da na daure na tambayi wata malama a unguwarmu, sai ta ce, "Ɗiyata, ai malamai sun daɗe da gama wannan magana." Ta bayyana mini cewa a mazhabar Malikiyya, fitsarin da ke zubo wa mutum ba da ikonsa ba, idan yana ɗaukar rabin lokaci ko fiye, ba ya warware alwala, sai dai an so mai shi ya sabunta ta a kowace salla. Ta kuma tuna mini cewa Allah ya yi wa marar lafiya rangwame a azumi. Yanzu kafin watan Ramadan nakan je a duba ƙodata, in ji shawarar likita, sannan in san abin da zan yi. Na tabbata akwai mata da maza da yawa a zangunanmu da ke cikin wannan waswasi, kunya ta hana su tambaya.

Batun aure ma bai zo da sauƙi ba. A wurin mutanenmu, da an ji mace na da matsalar riƙe fitsari sai a kira shi yoyon fitsari, a haɗa shi da wanda doguwar naƙuda ke jawowa, alhali hanyoyinsu daban ne, kuma ko waccan ɗin ba abin gori ba ce. Ga shi kuma gashin ƙugu yakan taɓa ƙwan mace da mahaifa, abin da ya sa ni ma ake duba ni ta wannan fanni. Goggona ta ba da shawarar a rufe maganar har a ɗaura aure, Baba ya ce ba za a yi haka da shi ba. Na farko da ya nemi aurena ya ji bayani ya janye, kuma ban riƙe shi a zuciya ba. Wanda nake aure yanzu ya bi ni har asibiti ya zauna ya saurari likita da kunnensa kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Ba na so wani uba ko wata uwa su karanta wannan su gudu da ɗansu daga asibiti. Ba don gashin nan ba, da wuya in kai yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yaran da suka kamu da ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa ba a kai kashi 30 ba, kuma daga cikin dalilan akwai zuwa asibiti a makare da barin magani a tsakiya. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa aƙalla kashi 60 kafin 2030, Gana na cikin ƙasashen da aka fara da su. Akwai cibiyar gashi a asibitin Korle Bu da ke Ankara, babban birnin Gana, tun 1997, akwai kuma a Komfo Anokye a nan Kumasi, sannan inshorar lafiya ta ƙasa ta shigar da cututtukan daji huɗu na yara cikin abin da take biya: sankarar jini da ta fi kama yara, da Bakit mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, da dajin ido, da dajin ƙoda. Na'urorin yanzu ma sun fi na da iya tattara haske a kan ƙari su rage abin da ke zuba a kan lafiyayyen nama. Duk wannan na nufin yaran da za su rayu su girma za su ƙaru, kuma a ganina nan ne giɓin yake, domin an fi mayar da hankali ga kashe cutar fiye da bin sawun wanda ya tsira daga gare ta.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. Duk yaron da aka gama yi wa magani ya kamata a ba iyayensa takarda guda da ta faɗi sunan ciwon, da magungunan da ya sha, da wurin da aka gasa da yawan hasken, a kuma gaya musu da harshen da suke ji abin da za su sa wa ido. Iyaye su adana takardar, su ɗauki hotonta a waya, su miƙa wa yaron idan ya girma, domin likitan da zai gan shi yana ɗan shekara ashirin ba shi ne ya yi masa magani yana ɗan shida ba. Yaron da aka yi wa gashi a ƙugu, idan ya fara yawan fitsari, ko fitsarin kwance ya dawo masa, ko yana yunƙuri kafin ya fito, ko zazzaɓi da ciwon mara suna yawan kama shi, a kai shi asibiti a ambaci gashin tun kafin a tambaya. Jini a fitsari kuwa, ko sau ɗaya ne, ba abin jira ba ne, saboda waɗanda suka sha saikulofosfamaid ko aka gasa musu ƙugu suna da ƙarin haɗarin wani sabon ciwon daji a mafitsara bayan shekaru, kuma shan taba yana ƙara wannan haɗari. Ko babu wata alama, a riƙa zuwa dubawa duk shekara.

A halin da nake ciki yanzu, kumburin ƙodata ya ragu tun da na fara amfani da roba, gwajin jini kuma yana nuna tana riƙe da aikinta. Jinin yakan leƙo jefi-jefi ya ɗauke. Likita ya gaya mini cewa idan matsin ya sake hawa duk da magani, akwai aikin da ake yanko wani yanki na hanji a faɗaɗa mafitsara da shi, akwai kuma wanda likitan Faransa Paul Mitrofanoff ya fito da shi a 1980, inda ake yin 'yar hanya daga mafitsara zuwa fatar ciki don zura roba ta nan. Kowannensu na da nasa wahalhalu, musamman a naman da aka taɓa gasawa, wanda ba ya saurin warkewa. Ni da maigidana mun fara tara kuɗi a adashe saboda ko da za a kai ga haka, kuma gwajin matsi da za a sake yi mini bayan Babbar Salla ne zai nuna ko za a ci gaba da magani ko za a fara shirin aiki.